Shimfiɗar Adda Hauwa

Na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona, kuma kada ɗayanku ya ce bai sani ba. Ku ma an jefe ku da shi a makaranta, kun dawo gida kuna kuka, mahaifiyarku ta rarrashe ku, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba. Sa'adu Mai Jabu. Shekara goma da 'yan kai ke nan ina yawo da wannan suna a Jimeta, daga masallaci zuwa kasuwa, ban kare kaina ba. Wasu sun ɗauka kunya ce ta rufe mini baki, wasu suka ce ai mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi. To, yau zan yi magana. Ke Maryam kin riga kin ji rabinta a tsaye, cikin faɗa, a tsakar gidanki. Sauranku ku zauna ku karanta, kuma ba na son kowa ya zo mini da “Baba ka yi haƙuri” sai ya kai ƙarshe.

Shekara ashirin da shida na yi a tagar ba da magani ta asibitin gwamnati kafin in ajiye aiki in buɗe kemis ɗina a Demsawo. Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa barin wani ya kira ni dokta ba ko da wasa. Aikina in karanta rubutun likita, wanda ko aljani sai ya yi da gaske, in ɗauko abin da aka rubuta, in gaya wa mutum yadda zai sha. Masu yawo da katan a bayan babur suna tallan magani mai araha sun san ni, don ba sau ɗaya ba na fatattake su daga bakin shagona. Mutane har daga Yolde Pate suke shigo mota, su wuce shaguna goma su zo wurina, saboda sun san abin da ke cikin kwalina shi ne abin da aka rubuta a bayansa. Ban da gona, ban da shanu. Wannan sunan shi kaɗai na tara a rayuwata.

Sai shekarar gudu ta zo, lokacin da 'yan bindigar nan suka shiga Mubi. Ku manyan kuna iya tunawa yadda garin nan ya cika ya batse, kowane zaure da mutane, kowace baranda da tabarma. Gidana na Demsawo dangin mahaifiyarku suka cika shi, har a kicin ana kwana. Yayata Adda Hauwa, wadda kuke kira Goggo, ta iso bayan kwana biyar a hanya, ƙafafu a kumbure, ba ta ɗauko komai ba sai ƙunshin zane ɗaya. Mijinta ya riga ya rasu tun kafin wannan fitina, bayan ya yi shekaru yana fama da olsa. Abin da ya rage mata a duniya shi ne Kabiru, ɗanta tilo, tela ne, shekararsa ashirin da bakwai. Shi ya riƙa goya ta duk inda hanya ta yi hawa. Ya bar kekensa na ɗinki da kayan mutane a kai, kuma wannan ya fi komai damunsa, yana ta cewa masu kaya za su ce ya gudu da yadinsu. Na ce masa, kai Kabiru, su masu kayan a ina ka bar su? Ya yi dariya har da riƙe ciki. A hanya sun sha ruwan kududdufi, wanda shanu suka sha suka tattake. Da yake babu wuri a wajena, sai suka sauka a gidanmu na gado cikin Jimeta, wurin yayanmu Hamma Bello, mutumin da tun rasuwar mahaifinmu ba a yanke magana a danginmu sai ya ce a yanke.

Mako biyu da zuwansu zazzaɓi ya kama Kabiru. Aka yi maganin maleriya, bai sauka ba. Na kai shi asibiti da kaina, muka wuni a layi, aka ɗebi jini, likita ya ce taifod ne. Ya rubuta sifro, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da yamma, kwana goma, ya ce mu je gida don gado babu, har a ƙasa an kwantar da mutane. Na ɗauko maganin daga shagona, daga katan ɗin da na riga na ba mutane da dama a makon, domin taifod ya yi yawa cikin waɗanda suka yi gudun nan. Na kai wa Adda har ɗaki, na durƙusa na miƙa mata.

“Adda, yana shan wani magani ban da wannan?”

“Babu, Sa'adu. Wane magani gare mu, mu da muka fito da ranmu kawai?”

“To, kada a ba shi da nono ko madara. Da ruwa zalla zai sha.”

“Na ji.”

Kabiru ya ɗago kai daga tabarma ya ce, “Kawu, ƙwayoyin nan suna cin cikina fa. Na maleriyar nan kamar an zuba mini barkono.”

Na juya na ce da Adda, “A riƙa yi masa shimfiɗa kafin ya sha.”

Ta ce, “Shimfiɗa kam na iya. Shekara nawa ina yi wa ubansa.”

Ku riƙe wannan kalma, don ita ce duk labarin. A bakina, da bakin duk wanda ya tsaya a tagar asibitinmu, shimfiɗa ita ce mutum ya ɗan sa wani abu a cikinsa, loma biyu ta tuwo ko guntun burodi, kada ƙwaya ta faɗa a ciki wayam. Na faɗe ta sau dubu, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce bai gane ba. Ban tsaya na tambayi Adda irin shimfiɗar da take yi wa mijinta ba. Akwai mutane suna jirana a shago, na miƙe na kakkaɓe wandona na tafi.

Kwana uku, zazzaɓi yana nan. Na ce haka taifod yake, ba ya sauka da wuri. Kwana biyar na koma, na duba katin maganin, ramukan da aka ɓalle sun yi daidai da kwanakin, ba a tsallake ko ɗaya ba. Adda ba ta wasa da lokaci. Na ce a ƙara haƙuri kwana biyu, kuma wannan laifina ne, ba na ɓoye shi: kamata ya yi in mayar da shi asibiti a ranar, a koma allura. Rana ta bakwai da hantsi aka aiko a kira ni. Na tarar cikinsa ya yi tauri kamar katako, ko zane ba ya so ya taɓa shi. Aka shiga da shi tiyata. Da likita ya fito, ya ce hanji ya huje wuri biyu, ya tambaye ni a fusace ko yaron ya sha abin da aka rubuta. Na ce ya sha, ƙwaya goma sha uku, duk a hannun uwarsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “To a ina kuka sayi maganin?” Bai jira amsa ba, aka kira shi kan wani mara lafiya. Hamma Bello yana tsaye a bayana, ya ji komai. Bayan kwana biyu, da la'asar, Kabiru ya cika.

Ranar uku ƙofar gida ta cika da masu ta'aziyya, Fulani na cewa Allah hokku munyal, mu muna cewa Allah ya ba da haƙuri. Hamma Bello ya bari sai da aka shafa fatiha, liman ko takalmi bai sa ba, sai ya gyara murya.

“Jama'a, mutuwa ta Allah ce, ba mu ja ba. Amma likita da bakinsa ya tambaya a ina aka sayi maganin. Yaro ya tsere wa bindiga, ya goyo uwarsa kwana biyar a daji, ya zo ya mutu a hannun kawunsa saboda neman riba.”

Na miƙe tsaye. “Hamma, ka ji tsoron Allah. Katan ɗaya ne. Mutum nawa suka sha suka tashi? In kira maka su ɗaya bayan ɗaya?”

“Kira su. In ka gama kiransu sai ka gaya mana me ya sa namu bai tashi ba.”

Na tsaya baki buɗe a gaban mutum kusan ɗari, kuma a Jimeta in aka yi maka tambaya ka yi shiru, to ka amsa laifi ke nan. Kafin magariba labari ya kai kasuwa, kafin Juma'a an raɗa mini suna, ba rago ba goro.

Na rantse sai na wanke kaina. Washegari da safe na koma gidan don in karɓi ragowar ƙwayoyi bakwai ɗin, in kai su inda ake gwada magani ko a ina ne, ko da rigata zan sayar in yi kuɗin mota. Adda tana zaune a ƙasa da carbi, idanunta sun kumbura sun yi ja. Ba ta dube ni ba, ta nuna bayan akwati da haɓa. Na janye akwatin. Katin yana nan. Kusa da shi ga kwalabe uku, biyu babu komai ɗaya rabi, na farin ruwan nan na olsa mai kama da damammen alli, wanda muke kira mis-mag a asibiti. Ga cokali a kife kan murfin, farin abin ya bushe a jikinsa. Na zauna a inda nake.

“Adda, wannan na wane ne?”

“Na Kabiru. Shimfiɗar da ka ce.” Sai a lokacin ta dube ni. “Cokali biyu, sannan ƙwaya a kai. Ban taɓa mantawa ba, Sa'adu, ko sau ɗaya. Haka nake yi wa ubansa, ba ya haɗiye komai sai na shimfiɗa masa. Hamma ne yake sayo mini a bakin titi, Allah ya saka masa da alheri.”

“Ai na tambaye ki ko yana shan wani magani.”

“Wannan ai ba magani ba ne. Abin kwantar da ciki ne, kamar kanwa.” Ta share ido da bakin mayafi. “Abin da ke ɗan sanyaya mini rai ke nan. Ni dai duk abin da aka ce in yi masa na yi.”

Bari in gaya muku abin da ya faru a cikin yaron nan, da Hausar da kowa zai gane, tunda rashin yin haka ne ya kai mu inda ya kai mu. Farin ruwan nan gishirin ma'adini ne, magnesiyam, wasu irinsa kuma da alminiyam ko alli. Aikinsa ya kashe tsamin ciki, yadda mahaifiyarku ke jefa kanwa a yakuwa. Ga mai olsa rahama ne. Amma idan ya tarar da sifro a ciki sai ya kama shi ya ƙanƙame, su dunƙule su zama wani abu da hanji ba ya iya tsotsewa. Abin da zai shiga jini ɗan kaɗan ne, sauran ya bi hanji ya fita a bayan gida. Haka yake yi wa tetrasaiklin, kafso ɗin nan ja da rawaya. Haka ƙwayar ƙarin jini take yi musu, haka nono. Ƙa'ida ita ce a sha sifro awa biyu kafin farin ruwan, ko kuma a bari sai bayan awa shida da shansa. Wannan ba sirri ba ne. A rubuce yake a takardar da ke cikin kwali, da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da ni ma sai da tabarau, kamar an rubuta ne don kada a karanta. Na san shi tun ina saurayi a taga. Na tuna da nono, na manta da kwalba. Ba na cewa da babu ita lallai Kabiru zai rayu, kwana na Allah ne, kuma akwai taifod ɗin da ba ya jin sifro. Amma na san kwana bakwai yaron nan yana haɗiyar magani, cuta na cin hanjinsa ba abin da ya tare ta. Bakina ya faɗi kalmar, aljihun Hamma ya sayo kwalbar, hannun Adda ya riƙe cokalin.

Na sa kwalba mai rabin a aljihu, na wuce kai tsaye gidan Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu a Demsawo, nas ɗin nan 'yar Numan da muka yi shekaru muna aiki tare. Na ajiye kwalbar da katin a kan teburinta. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dafe kai.

“Wayyo Yesu! Oga Sa'adu, tare ya sha su?”

“Tare. Sau goma sha uku.”

“To maganinka ba shi da laifi. Tashi mu je, ni zan faɗa ma Hamma naka a gaban mutane. Wannan suna da suna ba ka, in ya kama ba zai fita ba fa.”

“In kin faɗa, Adda za ta ji.”

“Ya ji mana! Ba gaskiya ba ne?”

“Matar da ba gida, ba miji, ba ɗa. Abu ɗaya ya rage mata, cewa ta yi jinyarsa daidai. Shi ma in je in ƙwace?”

Ta daɗe tana jujjuya kwalbar a hannu, sannan ta miƙo mini. “Kai ka sani. Ni ba zan faɗa ba tunda ka hana. Amma wannan shiru naka, wata rana zai ci wani.”

Na ji haushinta a ranar. Na ce a raina ita ba ta ga idon Adda ba. Na kai kwalbar gida na jefa a ƙasan akwatina, na rufe maganar, har mahaifiyarku ban gaya wa ba, don na san bakinta ba ya riƙe abin da ya ƙona mata rai.

Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda ya yi wannan karin magana bai zauna a Jimeta ba. Mata suka riƙa aiken yara da gargaɗi, ko'ina amma ban da shagon Mai Jabu. Waɗanda suka sha daga katan ɗin nan suka warke, na gan su da idona suna tsallaka titi don kada mu gaisa. Magani ya riƙa lalacewa a kan kanta, ni da kaina nake kwashe shi in ƙone a bayan gida, masu wucewa na cewa ga shi can yana ɓoye shaida. Bayan shekara biyu na rufe shagon. Ɗayanku ya fasa wa wani yaro baki a makaranta saboda ni, ya dawo gida yana jiran in ce madalla, ni kuma na ɗauki bulala na zane shi. Ya san kansa, kuma ina neman gafararsa a nan. Amma abin da ya fi ci mini rai ba shagon ba ne. A cikin dangina aka daina tambayata ko maganin ciwon kai. Kada ku ɗauka ban yi ƙoƙari ba. A wurin suna, a wurin biki, duk inda aka yi zancen rashin lafiya sai in ce, jama'a, a raba farin ruwan olsa da ƙwayoyin taifod, ba a haɗa su. Sai a kalli juna, a yi ɗan murmushi, wani ya ce Allah ya kyauta, a canza zance. Na ba da sunana don Adda ta samu barci, ban san cewa da sunan nake ba da magani ba. Da ya tafi, maganata ta bi shi.

Adda ba ta koma Mubi ba. Ta zauna a gidan gado, ta zama ita ce mai jinyar dangi, kowa ya kwanta sai a ce a kira Goggo. Tsakanina da ita sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. Bara waccan da ciwon ajali ya kama ta, ta aiko a kira ni. Na same ta ta rame ta zama kamar yarinya, Hamma yana zaune a gefe. Ta kama hannuna.

“Sa'adu, na daɗe ina riƙe da kai a zuciya. Ba na so in tafi da shi. Na yafe maka jinin Kabiru, duniya da lahira.”

Hamma ya ce, “Ka gode mata mana.”

Na ce, “Na gode, Adda.”

Duk ƙwayoyin da na taɓa a rayuwata babu mai ɗacin wannan godiya. Na fito zaure na tsaya ina huci, ina jin haushin Hamma, ina jin haushin likitan da ya jefa tambaya ya wuce, ina jin haushin mai shagon bakin titi da ya miƙa kwalba uku bai tambayi me ake sha da ita ba. Amma na ce shi ke nan, ta tafi da kwanciyar rai, abin da na saya ya biya. Na ɗauka magana ta ƙare.

Watan jiya Jidda ta kwanta, 'yar Maryam, wadda aka sa wa sunan Adda. Ba wanda ya ga ya dace a gaya mini. A bakin mahaifiyarku na tsinta, kwana huɗu da fara magani, wai taifod ne kuma zazzaɓin ya ƙi sauka. Na tari keke zuwa Yolde Pate da tsakar rana, ko hula ban tsaya ɗauka ba. Na yi sallama na shiga, na tarar da yarinyar a jingine da bango, leɓɓanta sun bushe, Maryam a durƙushe gabanta, ƙwaya a hannun hagu, cokali cike da farin ruwa a hannun dama. Ban san lokacin da na buge cokalin ba, sai ƙararsa na ji a kan siminti.

“Baba, lafiya?”

“Kwana nawa kina ba ta wannan?”

“Shimfiɗa ce. Haka Goggo ta koya mana, duk gidanmu haka muke yi.” Sai ta sassauta murya, cikin irin ladabin nan da ya fi zagi zafi. “Baba, don Allah ka bar maganar magani. Wannan daga asibiti muka karɓo, mai kyau ne.”

Mai kyau ne. Daga bakin 'yar cikina, wadda na ɗauka a kafaɗa na kai allurar rigakafi. A nan na amayar da komai, a tsaye, da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo ta katanga: katan, kwalabe uku, cokali biyu sau goma sha uku, da yafiyar da na karɓa. Maryam ta zauna daɓas a ƙasa. Ban tsaya rarrashi ba, wannan karon ban ce a ƙara haƙuri kwana biyu ba. Muka ɗauki yarinyar sai asibiti. Likitar da muka samu ko sa'ar Maryam ba ta kai ba. Na ajiye mata kwalbar da katin a kan tebur, ta dafe kai yadda Rifkatu ta yi, ta ce a kwantar da ita a koma allura yanzun nan. Jidda ta tashi. Shekaranjiya ma ta zo ta cinye mini gyaɗa ta bar mini ɓawo a tabarma. Da na gaya wa Rifkatu, wadda yanzu sai da sanda, cewa ta yi, “Oga, ai na faɗa maka.” Ta faɗa kuwa. Shekara goma ana yi wa marasa lafiyar danginmu shimfiɗa ina gefe, Allah kaɗai ya san ciwo nawa ya ja kwanaki a kan haka, kuma wannan fushin ba ni da wanda zan ɗora wa sai kaina.

Na buɗe akwatina na ciro tsohuwar kwalbar, abin ciki ya daskare ya zama dutse, na tafi da ita gidan gado. Hamma yana zaure a kan buzunsa, ido ya yi rauni amma baki yana nan yadda na san shi. Na ɗora masa kwalbar a hannu, na gaya masa komai tun daga farko. Ya daɗe yana shafa ta.

“Sa'adu, wadda ta yi ta tafi. A rufa wa mamaci asiri. Kai ka riga ka saba da sunan, ka ƙarasa da shi kawai.”

“Hamma, kai ka sayo kwalbar.”

“Ban sani ba.”

“Ita ma ba ta sani ba. Ni ma ban san abin da ta ji ba da na ce shimfiɗa. Amma a cikinmu mu uku, mutum ɗaya ne ya tashi a gaban liman ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.”

Ya ajiye kwalbar a bayan buzu kamar in ya ɓoye ta maganar za ta ɓace. Na miƙa hannu na ɗauki abata.

To ku ji. Goggonku ba ta kashe kowa ba, ƙauna ce ta riƙe cokalin nan, kuma duk wanda ya ambace ta da mugun baki a cikinku ban yafe ba. Amma asirin da na rufa mata ya kusa binne mai sunanta, don haka na gama rufawa. Ku cire kalmar shimfiɗa daga bakinku. In abinci kuke nufi ku ce abinci. In aka ba ku magani, ku faɗi duk abin da mara lafiya yake haɗiya, har wanda kuke ganin ba magani ba ne.

Ranar Asabar akwai suna a gidan gado, duk dangi da mutanen unguwa za su taru a ƙofar nan da aka raɗa mini nawa. Maryam ta ce in bari ita ta karanta wannan takarda, wai hawan jinina. Na ce a'a. Tabarauna yana nan, kwalbar tana aljihuna, ni zan karanta, a tsaye, daidai inda na tsaya baki buɗe. Hamma ya tambaye ni me ya sa namu bai tashi ba. A gaban jama'a ya yi tambayar, a gaban jama'a zai ji amsa.